Bas Mai Lamba Shida

Tun da aka kafa sabuwar doka, kowace babbar mota tana ɗauke da allo a goshinta, mai nuna rayuka nawa ta ci a kowace kilomita miliyan ɗaya. Tawa ta haura shida bayan hatsarin da ya kashe min fasinjoji uku, kuma babu mai shiga bas mai shida.

Shi ya sa nake yin abin da direbobi ke kira wanki. Da safe in hau titin da ya kewaye gari, kujeru sittin babu kowa, in yi ta zagayawa har la'asar. Tafiya na ƙaruwa, lambar na raguwa.

Ran nan wata dattijuwa ta ɗaga hannu, na tsaya. Sai da ta shigo na gane ta. Inna Uwani ce, mahaifiyar Sha'aibu, ɗaya daga cikin ukun.

"Ina za ki, Inna?"

"Inda kake zuwa, Tukur. An ce min kana wanki."

Ta zauna a bayana. Muka yi zagaye biyu. Can sai allon ya yi ɗan ƙara, shida ta koma biyar da ɗigo tara. Bakina ya riga ya saba, kafin in ankara na ce, "Alhamdulillahi."

"Madalla," in ji ta a hankali. "Wa ya fara fita daga allon a cikin ukun? Ina so in san ko ɗana ne."