Hotunan Gonar Sha'aibu

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa natsuwa da tsinkaye, ina roƙon ka gyara zama, domin ni da na koyar da ɗalibai tun zamanin alƙalami da tawada, ban saba ɓata takarda a kan shirme ba.

Bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, muka fake a Kaura Namoda. Ƙungiyarmu, wadda nake shugabanta, ta haramta komawa, ta kuma buɗe taska a intanet, wadda 'yan zamani ke kira folda, domin kowa ya zuba hotunan waɗanda suka ɓace.

Hamdiyya ta zuba hoton mijinta Sha'aibu, wanda ba a ga gawarsa ba. Da damina ta sauka, sai hotuna suka soma shigowa da sunansa. Gonarsu ce, an nome ta tas. Gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya fid da kai, ban da wani ɗan fili gindin tsamiya da ba a shuka ba. Ba fuska, ba saƙo.

Wasu suka ce aljannu ne. Hamdiyya ta daina barci. Surukarta, Inna Kyauta, wadda kan tafi kasuwar Moriki da kuka da daddawa ta dawo da tafin hannu a faffashe, ta ƙi ko kallon wayar.

Ranar da hoton gero ya nuna ya isa girbi, Hamdiyya ta ɗaure ƙullinta. Ta ce za ta bi hanyar da babu mai bi, ta bar 'ya'yanta, ko ta dawo ko kada ta dawo.

Tsohuwa ta tare ƙofa.

"Ɗiyata, aje kayan nan. Ba ya can yadda kike zato."

Aka kawo maganar gabana. Ashe tun yana karatu a Gusau marigayi Sha'aibu ya sa adireshinsa a wayar uwarsa, ya koya mata ta riƙa turo masa hoton gona, shi ya sa duk hoton da ta turo yake shigowa taskarmu da sunansa.

Bisa dokar ƙungiya ta hana komawa, na yanka wa Inna Kyauta tarar damin gero ɗaya, daga gonar da take nomawa a ɓoye da sunan zuwa kasuwa, inda ta binne ɗanta ita kaɗai, gindin tsamiya.