Shaidar Malami a Kan Kwaɗon Ikrama

"Wannan ba ƙirƙira ba ce," in ji Malami a gaban alƙali, a wata kotu da ke Alexandria. "Duk injiniyan da ya san aikinsa zai iya tunaninta."

Maganar kwaɗon ƙofa da Ikrama ya ƙera ake yi, wanda waya ke buɗewa ko da batirinsa ya mutu. Wani kamfani ne ke neman a soke masa takardar mallakar fasahar, Malami kuwa, shi ma injiniya, ya kai kansa ya zama shaidar kamfanin ba a roƙe shi ba. Ɗaki ɗaya suka zauna da Ikrama a garin Beltsville suna ɗalibai a ƙasar waje, amma yau ko a gidan suna aka ce "Injiniya," Ikrama ake waiwaya. Abin ya daɗe yana cin Malami.

Lauyar Ikrama ta kunna wani tsohon saƙon murya daga zauren WhatsApp na 'yan gida, tafinta yana fassarawa.

"Ku bar Ikrama da haukarsa! Ni da na fi shi kai na yi ta gwadawa na kasa. Wallahi ba mai iyawa!"

"Muryarka ce?" ta tambayi Malami.

"Tawa ce."

"To abin da gwani ya rantse ba zai yiwu ba, ta yaya kowa zai iya tunaninsa?"

Haka takardar Ikrama ta tsira.

A waje Ikrama ya rungume shi, idonsa cike da ƙwalla. "Na gane, da gangan ka shiga ɓangarensu don a kunna saƙon. Allah ya bar zumunci!"

Malami ya kawar da kai. "Amin," ya ce.