Ƙofar Gidan Usta Maliki

Guduma goma sha biyu Jibo ya sauke a kan ƙusar, ko gezau ba ta yi ba.

Ita ce ƙusar da ƙafar gaban lorin da yake tuƙawa take juyawa a kanta. Zobban tagullar da ke riƙe ta, waɗanda masu gyara ke kira jilba, sun cinye, sitiyari yana ta rawa a hannun Jibo wata biyu cur. Shekaranjiya lorin ta kusa kife shi cikin tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, da masu tsinkar auduga talatin a baya. Mai lorin, Alhaji Abdulmuttalib, ya ce in gobe ba ta tafi sambal ba, wani direba, Sambo, zai karɓi makulli.

Shi ya sa Jibo ya lallaɓo ta zuwa ƙofar gidan Usta Maliki, wato ogan gyaran mota, a wani ƙauyen Hausawa kusa da Managil. Maliki ba ya zama a gareji, ba ya fita gyara kan hanya ko za a haɗa shi da Allah. A da facin taya kawai ya iya, amma tun da ya auro Mero daga Madani hannunsa ya buɗe. Direbobi sun ce aljani ya ajiye a cikin gida.

"Ya Usta, ƙusag ga ta ƙi fa," in ji Jibo.

Maliki ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya ce bari ya sha ruwa. Ya shige gida. Bai jima ba ya fito yana gyaran murya.

"Akwai ɗan ƙarfe a gefe da ya kulle ta. Shi aka fara cirewa."

Suka cire shi. Bugu biyu ƙusar ta faɗo. Jibo ya kalli zauren, ya karanta abin da ya iya a ransa.

Suka fitar da tsofaffin jilba, suka tura sababbi da guntun itace don kada bakinsu ya lanƙwashe. Sai sabuwar ƙusa ta ƙi shiga. Jibo ya ɗaga guduma.

"Kul! Ka doke ta, halas, shi ke nan ka kashe jilba," in ji Maliki. Ya rungumi ƙarfen da jilba ke ciki gaba ɗaya, da ƙusar a aljihu, ya sake shigewa.

Rana ta take. Abincin da aka ce yana zuwa tun hantsi bai zo ba, sai shayi a kofi mai ɗan santsi. Jibo ya shanye, yana tunanin yadda Sambo zai zauna a kujerarsa yana danna ham a ƙofar gidansu.

Bayan azahar Maliki ya fito, idanunsa jajir, rigarsa tana warin hayaƙi. Turaren aljanu, in ji Jibo a ransa. Suka ɗora ƙarfen. Maliki ya sa babban yatsa kawai, ƙusa ta zame ciki a hankali kamar cokali a man shanu. Jibo ya girgiza ƙafar da ƙarfinsa. Ko ƙis.

"Kwayyis, ya yi kyau! Wallahi Usta, daga nan har Rufa'a babu hannu irin naka."

Maliki ya sunkuyar da kai. "Baiwa ce, Allah ka bayarwa." Ya kwashi ƙarfen ɗaya ƙafar, ya yi ciki.

Hankalin Jibo ya kwanta, har ya fara 'yar waƙa. Da la'asar ta gabato ya tuna butarsa tana ɗaure a saman lorin. Ya taka taya, ya kama katako, ya hau. Ya miƙe tsaye yana kwance igiya, sai ya ga ashe kansa ya wuce katangar gidan.

Ga Usta Maliki a durƙushe gaban murhu, yana hura wuta yana juya kisra, siririyar wainar dawa, ga Mero a inuwa da ƙarfen tsakanin gwiwoyinta, tana goge cikin jilba, tana gwada ƙusa da ido ɗaya a rufe.