Sunaye Bakwai Kafin A Tashi

"Masu surutu bakwai nake so kafin a tashi," in ji Malamin Ladabtarwa, ya zabga bulala a kan benci. "In babu, ke za ki sha dukansu, Monita."

Yana fita, Dogo, ƙaton da ya shekara uku a aji biyu, ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Rubuta ɗayanmu ki gani. Ai hanyar gidanmu ɗaya."

Shekarunta goma sha uku, kuma ba ita ta nemi zama monita ba. Ajin ya koma kamar kasuwa. To, yara tamanin a ɗaki ɗaya, allo fes tun safe, me ake so su yi?

Ta rubuta, ta ninke takardar.

A filin taro, gaban shugaban makaranta, malamin ya karɓa ya daka tsawa: "Duk wanda ya ji sunansa ya fito ya durƙusa!" Ya buɗe takardar, sai ya yi maza zai ninke ta. Shugaba ya fizge, ya karanta da ƙarfi.

"Malamin Lissafi. Malamar Turanci. Malamin Kimiyya. Ke, mene ne wannan?"

"Malaman da ba su koya mana komai ba yau, ranka ya daɗe."

Shugaba ya duba na bakwai. "Malamin Ladabtarwa? Ai na ga shigarsa ajinku."

Ta ce, "Ya shigo. Amma bulala ya kawo, bai kawo alli ba."