Takardar Ɗan Fari

Sai da motar ta wuce kasuwar Talata Mafara sannan Maman Rahama ta ciro niƙabi daga jakarta. Sabo ne fil. Ba ta iya ɗaura shi ba, sai matar da ke gefenta ce ta gyara mata igiyar.

Bakura za ta, neman takardar haihuwar ɗanta na fari.

Shekarar yaron goma sha bakwai. Tun da aka yaye shi kakarsa ta tafi da shi Maradun, can ya girma yana kiran mahaifiyarsa Yaya. Ita kuwa, kamar yadda ta ga uwarta ta yi, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan yaron" take cewa.

Ranar Lahadi ya kira ta. Makarantar koyon aikin jinya ta ɗauke shi. Ranar Juma'a za a tantance takardu, duk wanda bai zo da takardar haihuwa ba a ba wani gurbinsa.

"Na duba akwatin Kaka ban gani ba," ya ce. "Na ce mata ai ba sai an tambaya ba, tana wurinki."

Ba ta wurinta. Ba a taɓa yin ta ba. Rahama da ƙannenta uku kowa na da tasa tun ba su yi arba'in ba, a cikin leda. Shi kaɗai ne ta kasa. Ta kasa tsayawa gaban mutanen da take gani kullum ta ce wannan nawa ne, ga sunansa. Ta ce sai gobe, goben ta kai shekara goma sha bakwai.

Ta faɗa masa gaskiya. Sai ya ce ai yanzu a waya ma ana yi, shi zai cike.

"Bari," ta ce. "Ni zan je."

Ta riga ta gwada. Ta buɗe shafin a wayarta, ta cike har ƙarshe, sai yatsanta ya tsaya. Buƙatar duk wanda ke zaune a Mafara kwamfutar ofishin rajistar haihuwa na Mafara take faɗawa, da sunan uwa, da hotonta. Ta goge komai.

Ofishin Bakura ɗaki ɗaya ne: tebur, benci, da mata uku masu goyo. Ma'aikacin, Malam Sadi, saurayi ne mai yawan magana. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya. Ta amsa ƙasa-ƙasa, da muryar da ba tata ba.

Ya miƙo fam. Ta ciro baƙin bironta ta cike shi da manyan baƙaƙe, ba ta tsaya karanta tambayoyin ba. Layi ɗaya ta tsallake.

"Sunan yaron fa, Inna?"

Ta tura masa takardar gama firamarensa.

Ya yi dariya. "Ɗan fari ne ke nan." Ya kwafi sunan da rubutunsa mai kama da tsutsa. Ya zo sa kwanan wata, ya nufi gurbin da ba nasa ba. Kafin ta ankara yatsanta ya sauka kan inda ya dace.

Ya dube ta. Ya dubi shekarar haihuwar. Dariyar ta ɗauke.

"Kin yi boko ashe. To mi ya hana ki, shekara goma sha bakwai?"

Zufa ta jiƙa niƙabin ta ciki.

"Ki gode Allah nan kika zo. Da Mafara kika tahi, gun Hajiya Rajista, shugabar ofishin, da kin ji jiki. Ita ta koya muna aikin ga. Gaban kowa take tsayar da uwa, ta ce mata, kin haihe shi kin ɓoye shi, yau kuma kin tuna da shi? Da idona na ga mace ta yi kuka gabanta."

Matan benci suka yi dariya. Ɗaya ta ce ita ma ta taɓa shan wannan faɗan, shi ya sa take zuwa Bakura.

Maman Rahama ta sunkuyar da kai tana jira. Hatimi ɗaya ya rage, ta kama hanya.

Malam Sadi ya jawo aljihun teburinsa, ya nuna mata. Babu komai ciki.

"Takardunmu sun ƙare tun wancan mako. Na rubuta Mafara a aiko muna, har yau shiru, an ce Hajiya ba ta sa hannu ba. In Juma'a kike so, ki ɗauki fam ɗin ga ki kai can. Ki yi haƙuri da abin da za ki ji."

A motar dawowa ta kwance niƙabin da kanta, ta ninke shi.

Ranar Alhamis da safe ta isa ofishin Mafara fuskarta a buɗe. Bencin ya cika da mata. Ta wuce su, ta tsaya gaban Amatullah, mai shigar da bayanai a kwamfuta, ta ajiye fam ɗin.

Idon Amatullah ya fara sauka kan shekarar haihuwa. Ta girgiza kai, ba ta ko dubi mai fam ɗin ba.

"Shekara goma sha bakwai. Wace irin uwa ce wannan? Sunan ma bai karantuwa, rubutun Malam Sadi ne."

Matan suka zuba ido suna jiran su ga yadda za a ƙare. Maman Rahama ta dafa teburin. Harshenta bai san hanyar sunan ba, amma ta faɗa, yadda na ƙarshen benci ma za ta ji.

"Naziru. Naziru Bello. Ɗana ne."

Amatullah ta ɗago kai a hankali.

"Naki, Hajiya Rajista?"