Fayilolin Ɗakin Likita

"Buɗe min wannan," in ji sabon manaja, yana dangwala yatsa a allon kwamfutata.

Jakar fayilolin likitan ma'aikata ce. Mako uku na yi ina kwashe takardun masana'antarmu ta kifin gwangwani a garin Matosinhos daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa. Na'urorin ba yare ɗaya suke ji ba, don haka kowane izini sai da na fassara shi da hannu: wa zai karanta, wa zai rubuta, wa za a tsayar a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, tsohon tsari mutum biyu ya sani, likita da nas. Haka na mayar."

"Ke, ni ne manaja! So nake in san matan da hannunsu ya fara ciwo kafin kakar kifin sadin ta shigo."

Na gane inda ya dosa: sallamar su yake son yi. Ta taga ina hango su a jere suna yanke kawunan kifi. Ta huɗu a layi mahaifiyata ce. Shekara talatin da ɗaya tana tsaye a wurin, kuma kwanan nan da hannu biyu take ɗaga kofin gahawa.

"Ai duk makullan suna hannunki. Shiga da sunanki mana."

Na juya masa allon, na danna. Na'ura ta ce ba ni da izini.

"Sunana na fara cirewa," na ce. "Abin da uwata ta gaya wa likita, ko ni da ta haifa ban sani ba."