Maginiyar da ta ɗaga ƙafa gaban 'yan dubiya

Ke Hansatu, tun jiya nake kallon cinyar nan taki, raina bai kwanta ba. Gyara zama ki ji wani misali.

An yi wata maginiyar tukwane, da ƙafa take tattaka yumɓunta tun tana budurwa. Ran nan santsi ya kwashe ta a bakin ramin yumɓu, jijiyar gwiwarta ta tsinke. Likitoci suka yi mata aiki suka dasa wata. Da za a sallame ta, mai gashin ƙashi ta ce mata gwiwa ba ta tsayawa ita kaɗai, naman cinya ne ke riƙe da ita. Ta koya mata ta miƙe ƙafar, ta sa naɗaɗɗen zane ƙarƙashin gwiwa, ta danna har cinya ta ɗaure, sannan ta ɗaga ƙafar a miƙe, safe da rana da yamma. To ina! Tana isa gida 'yan dubiya suka cika ɗaki, wannan ta fita waccan ta shigo, kowa da kwanon kununsa da "sannu, kwanta ki huta." Ita kuwa ta yaya babbar mace za ta ɗaga ƙafa sama gaban dangin miji? Ta ja mayafi ta lafe, kwana goma sha biyu. Rannan ta kama cinyar da hannu biyu, sai ta ji yatsunta sun kusa haɗuwa, naman ya saki kamar tsumma. Da wannan sillen karan za ta taka yumɓu?

Washegari ɗaki cike, har da yayar mijinta, ta sa wando ƙarƙashin zane, ta miƙe ƙafa ta ɗaga. Cinya na rawa, gumi na tsattsafo mata a goshi. Yayar mijin ta kama haɓa ta ce, "Ke, ba ki ga mutane ba? Ɗinkin ma sai ki farke shi!" Ta ce, "Yaya, ku yi haƙuri ku kau da kai. In ƙafar nan ta shanye, wa zai taka mini yumɓu a cikinku?" Aka yi ta yawo da ita a gari, wai asibiti ya cire mata kunya. Wasu suka ɗauke ƙafa, ta ce ɗaki ya ƙara iska. Ba ta ƙara kan abin da aka koya mata ba, ba ta kuma rage ba. Sai da damina ta wuce, aka yi girbi, kafin mai gashin ƙashi ta ce ta gwada. Ta tattare zane ta shiga yumɓu, ƙafar ta ɗauke ta.

Masu cewa ki kwanta, ba da mugunta suke faɗa ba, amma ba su ne a cikin ƙafar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.